Bayan Fitowar Sakamakon JAMB da WAEC: Abin da Ya Kamata Iyaye da Ɗalibai Su Yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da iyaye da ɗalibai kan abin da ke biyo bayan fitowar sakamakon JAMB da WAEC da NECO. Mu malaman ajin ƙarshe ne na sakandare. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, cikin yaran da ke zaman shekara guda a gida, da yawa makin da suka samu ya isa ya kai su wata makaranta. Abin da ke cin su shi ne makonnin da ake ɓatawa ana faɗa, ana kuka, ana cigiyar wanda zai "gyara" sakamako, har ƙofofin da ke buɗe su rufe ɗaya bayan ɗaya.

Uban da ke ganin ɗansa ne kaɗai ya ba shi kunya a unguwa, ya dubi alƙaluman 2025. Mutum wajen miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon farko sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba. A shekarar ce kuma hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, shugabanta na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya ba da haƙuri, mutum 379,997 aka ce su sake zama. WAEC ita ma a watan Agusta ta fara cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen maki, adadin ya koma 62.96. Saboda haka kada a yanke wa yaro hukunci a daren da saƙo ya shigo. A sake dubawa bayan kwana biyu ko uku, a buga takardar a ajiye. Sai dai kada a maida wannan mafaka. Yawancin sakamakon da ke fitowa daidai yake da abin da yaro ya rubuta, kuma wanda ya zauna jiran a ce an yi kuskure zai sha jira.

Saƙon da ke zuwa idan aka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 lambobi biyar yake ɗauke da su: makin kowane darasi cikin huɗun, sai jimilla. Kowa jimillar yake kallo, alhali maganin yana cikin huɗun nan. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma kowane darasi maki 100 ne. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, ba a kuma rage maki idan an kuskure. Wato wanda ya rufe ido ya yi ta canki-canka daga farko har ƙarshe zai tashi da wajen 100. Idan aka cire wannan rabon sa'a, mai 140 abin da ya sani da gaske bai fi tambaya ɗaya cikin bakwai ko takwas ba, mai 200 kuma ɗaya cikin uku. Maganar da ɗaci, amma gara a san ta da a yi ta cewa "saura ƙiris".

A ɗauki yara biyu masu 178. Ɗaya ya samu 35 a Turanci, 58 a Lissafi, 45 a Fiziks, 40 a Kemistiri. Ɗayan 44, 45, 44, 45. Na farko yana da darasin da ya kama da hannu biyu, Turanci ne ya ja shi ƙasa, kuma mai yiwuwa Turancin ne ya hana shi gane tambayoyin Kemistiri ma. Na biyu ba shi da ƙafar tsayawa ko ɗaya, aikinsa ya fi yawa. A ma'auninmu, darasin da ya gaza 40 tushe ne babu, sai an koma littattafan SS1. Wanda ke tsakanin 45 da 60 akwai sani, sauri da atisaye ne suka yi ƙaranci. Ga kuma abin da ke sanyaya zuciya: a darussa masu tambaya 40, kowace amsa daidai tana ɗaukar wajen maki biyu da rabi, don haka tazarar 170 da 200 tambayoyi goma sha biyu ce kacal, huɗu a kowane darasi cikin ukun nan.

A WAEC da NECO kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an tsallake faɗuwa, amma jami'a ba ta ƙirga su. C6 daga maki 50 yake farawa, D7 kuwa 45 zuwa 49 ne, don haka mai D7 a Turanci maki kaɗan suka raba shi da kiredit. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas, cikin zama bai wuce biyu ba, da Turanci a ciki, da Lissafi kuma ga duk mai son kimiyya ko fasaha ko kimiyyar zamantakewa. Zama biyun nan rahama ce da iyaye da yawa ba su san da ita ba. Yaron da ya ci komai a WAEC ya rasa Turanci, idan ya same shi a NECO an gama, sai a haɗa takardun biyu. Idan duka biyun babu, akwai NECO ta masu zaman kansu a Nuwamba da Disamba, da WAEC ta masu zaman kansu wadda ake yi sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta. Ko da ya yi rijistar darussa da yawa, ƙarfinsa ya tafi ga wanda ya rasa. Mai niyyar likitanci ne ya kamata ya yi hattara, don jami'o'i da dama zama ɗaya suke so a wannan kwas, sai ya ɗauko duka biyar ɗin a takarda guda.

Idan aka ga an rubuta "held" a gaban darasi, an riƙe shi ne ana binciken satar amsa, kuma sau da yawa laifin ɗakin jarrabawa ne gaba ɗaya ya shafi mai gaskiya da marar gaskiya. "Outstanding" kuwa aikin takardar ne ba a kammala ba, yakan fito daga baya. Akwai kuma shekarun da ake riƙe sakamakon makarantun gwamnati saboda jiha ba ta biya kuɗin rijista ba. A duka ukun ta hannun shugaban makaranta ake bi, shi hukumar ta sani. Wanda aka riƙe masa Turanci ko Lissafi kada ya zauna jira, ya sayi fom ɗin zama na gaba kafin a rufe.

Tunda Turanci ne ke kayar da yawancin yaranmu, bari mu faɗi inda makin ke zubewa. Insha'in WAEC kalmomi wajen 450 ake so, maki 50: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskuren nahawu ko haɗa baƙi ko aya rabin maki yake ci, kuskure ashirin sun share shi kenan, kuma yaro kan yi ashirin ɗin tun bai juya shafi ba. Wanda ya rubuta rabin tsawon da aka nema an rage masa tun kafin a duba ingancin. Sashen taƙaitawa maki 30 ne, kuma nan ne aka fi yin asarar banza: amsa dole ta zo a cikakkiyar jimla da kalmomin ɗalibi, wanda ya kwafo layin labarin yadda yake ya yi aikin kawai. Sai jarrabawar furuci, inda harshen uwa ke bin Bahaushe har cikin aji. Hausa ba ta raba sautin p da f, ba ta da v, ba ta son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, kuma karin sauti take amfani da shi inda Turanci ke danna gaɓa ɗaya ta kalma. Wannan sashe haddar alamomin sauti yake so da yawan saurare, kuma cikin makonni shida ana iya ɗaga makinsa fiye da na kowane sashe. A JAMB ma tambayoyi goma ne na furuci, goma kuma daga littafin labarin da hukumar ta wajabta. Ashirin cikin sittin kenan da ba sa buƙatar a haifi mutum a Ingila, amma sai ka ga yaro ya shiga ɗakin bai taɓa buɗe littafin ba, taƙaitawar shafi biyu ya karanta a waya.

A Lissafin WAEC, takarda ta biyu tana da tambayoyi biyar na dole, sai a zaɓi biyar cikin takwas. Masu maki suna ba da makin hanya daban, makin amsa daban. Yaron da ya jera matakansa ya kuskure a layin ƙarshe zai kwashi yawancin makin. Wanda ya dasa amsa tsirara, ko daidai ce, kusan ba shi da komai, kuma irin wannan ce ke sa a zargi ɗaki da satar amsa.

Yanzu ga ɓangaren takardu, wanda a ganinmu ya fi hana yara gurbi bisa ƙarancin maki. JAMB daga NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, take ɗauko suna da ranar haihuwa. Idan NIN ta ce Mohammed, WAEC ta ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Muhammadu, ko A'isha a nan Aishatu a can, ko sunan uba ya riga na yaro a wata takardar, to rigima na jira ranar tantancewa. A ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ake gyara wannan, kuma kafin rijista ake yi, don gyaran yana ɗaukar lokaci. Layin wayar da aka karɓi lambar rijista da shi shi ne mabuɗin komai, da shi ake duba sakamako, ta nan saƙon gurbi ke zuwa. Kada a yi da layin mai kafe ko na wani ɗan'uwa da zai tafi ci-rani. Haka imel da lambar sirri, yaro ya rubuta su a littafi, mahaifi ma ya riƙe kwafi.

Wanda ya yi rijistar JAMB yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, wajibi ne da zarar ya fito ya je cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da hukumar ta amince da ita a ɗora shi a shafinsa. In ba a ɗora ba, ko 280 ya ci jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ba, don a na'ura mutum ne marar kiredit. Duk shekara ana asarar gurabe a kan wannan ɗan aiki na minti goma.

Sai haɗin darussa. Likitanci Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji yake so. Injiniyanci Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son Tattalin Arziki ba makawa sai da Lissafi. Lauya kuma ana neman Adabin Turanci, darasin da makarantunmu da yawa ba su da malaminsa, sai yaro ya kai SS3 yana mafarkin rigar lauya bai taɓa shiga ajin ba. Wanda ya zauna Bayoloji a gurbin Lissafi sannan ya nemi injiniyanci, makinsa ba zai cece shi ba. Duk wannan yana rubuce kyauta a kundin IBASS na JAMB, kwas bayan kwas, jami'a bayan jami'a, har da keɓantattun sharuɗɗan kowace.

Maganar mafi ƙarancin maki ma tana rikita mutane. A taron 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan tukunya ne, ba wanda zai sauka ƙasa da shi. Kowace jami'a tana ɗora nata a kai, manya irin su ABU da BUK sukan ɗaga, sannan kowane kwas yana da nasa gwargwadon cunkoso. Mai 210 da ya nemi likitanci ya tsallake makin jami'a, amma layin da ke gabansa ya fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Jigawa da Zamfara da Yobe da Kebbi. Ɗan Arewa mai matsakaicin maki da ya zaɓi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta ya yar da babbar damarsa da hannunsa. A kuma tuna, yawancin manyan jami'o'i wanda ya sa su zaɓin farko kawai suke kira tantancewa.

Maganin wannan shi ne canjin kwas ko makaranta, wanda ake yi a cibiyar CBT, naira 2,500 a 'yan shekarun nan ban da ladan cibiya. Lokacinsa shi ne kafin jami'ar da ake son komawa ta rufe fom ɗin tantancewarta, bayan nan ihu ne bayan hari. Mai Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da bai kai likitanci ba yana da Bayokemistiri, da Maikirobayoloji, da Noma, da ilimin koyar da kimiyya. Akwai sabbin jami'o'in tarayya irin na Dutse da Dutsin-Ma da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa da Kashere, da na jihohi, inda cunkoson bai kai na Zariya da Kano ba. Inda ake yin jarrabawar tantancewa kuma kada a raina ta. Wasu jami'o'i makin JAMB suke rabawa gida takwas ya zama kashi 50, sauran 50 daga tasu jarrabawar da kiredit. A wannan lissafi mai 240 yana da 30, mai 200 yana da 25, tazarar arba'in ta koma biyar, ana iya cike ta a zama ɗaya.

Gurbi ta CAPS yake fitowa, tsarin da JAMB ta kafa tun 2017. Yaro ya riƙa leƙa shafinsa aƙalla sau biyu a mako. Idan jami'a ta so maida shi wani kwas, sai ya danna amincewa kafin ta ci gaba. Idan gurbi ya fito, sai ya karɓa cikin wa'adi, in ya yi shiru ya wuce. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko an ba da takarda mai hatimi, ba shi da rijista a hukuma, kuma ranar tafiya bautar ƙasa abin zai tashi, bayan an ci shekara huɗu da kuɗin makaranta. Masu bugo waya su ce za su ƙara maki ko su saka suna a jerin jami'a kuwa, ɓarayi ne, duk cikarsu. Abin da suke bayarwa takardar bogi ce da aka gyara a kwamfuta, makin gaskiya yana nan a rumbun hukumar, kuma yaron da ya gabatar da ita shi za a kama. Haka makarantun nan da ake kai yara ƙauye don a rubuta musu amsa a allo: A1 tara ne a takarda, sai JAMB ta zo ta ba da 130, kowa ya gane.

Wanda makinsa bai kai ko'ina ba, akwai hanyoyin da ba su bi ta jarrabawar JAMB ta shekarar ba. IJMB, wadda ABU ke kula da ita, da JUPEB, karatu ne na wajen shekara guda a darussa uku, wanda ya ci da kyau ya sayi fom ɗin shiga kai-tsaye na JAMB ya faɗa aji biyu na jami'a, shekarar ba ta tafi a banza ba kenan. Ana yin IJMB a makarantun share fage irin su SBRS ta Funtuwa da CAS ta Kano. Amma a san abu biyu. Karatun ya fi na JAMB zurfi, rubutu ake yi ba zaɓi ba, yaron da tushensa ya rushe a can ma zai sha wuya. Kuma a tabbatar cibiyar tana da amincewar hukumar jarrabawar kafin a biya ko sisi, don JAMB tana tantance waɗannan sakamako kafin ta karɓa. Difloma ta ND shekara biyu ce, NCE ta kwalejin ilimi uku, kuma duk biyun idan sakamako ya yi kyau suna kai mutum aji biyu. Mun san yadda ake yatsina fuska idan aka ambaci NCE, mu ma malamai ne, mun saba. Amma yaron da ya zauna JAMB sau uku yana jiran likitanci, sa'ansa da ya shiga kwalejin ilimi ya riga ya gama yana neman digiri. Kwalejojin jinya da na kiwon lafiya ma suna nan, ga 'yan mata musamman, a yankin da mata ke neman mace ta duba su a asibiti.

Idan an yanke shawarar sake zama, a sani makin JAMB na shekara ɗaya ne, kiredit ɗin WAEC da NECO kuwa suna nan ba sa lalacewa. Mai maimaici yana da wata dama da bai samu a SS3 ba. A can jarrabawa uku ya tara cikin wata huɗu, JAMB a Afrilu cikin tsananin zafi, WAEC a Mayu da Yuni, NECO a bayanta, ga firatikal, ga azumi da a 'yan shekarun nan yake faɗowa cikin watannin shiri. Yanzu darussa huɗu ne kawai a gabansa da wata bakwai ko takwas. Haɗarin shi ne zaman banza: ba ƙararrawa, ba malami, sai waya da majalisa, har Janairu ta zo a fara neman lesin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke ba da shawara shi ne, daga Satumba zuwa Disamba a bi manhajar JAMB batu bayan batu da littafin aji, awa uku zuwa huɗu a rana, a raba biyu, bayan asuba da bayan la'asar, darasi mafi rauni ya ɗauki zaman safe. Tsofaffin tambayoyi na shekara goma a yi su bisa batu, wato in an gama batu a nemo duk tambayoyinsa a warware. Haddace amsoshin bayan littafi ba ya aiki, don wasu ma kuskure ne, kuma ana juya lambobin tambaya. A tanadi littafi guda na kurakurai: duk tambayar da aka faɗi a rubuta ta, a rubuta dalili, rashin sani ne, ko rashin gane Turancin tambayar, ko gaggawa. Bayan wata guda littafin da kansa zai nuna ciwon. Daga Janairu a koma cikakkiyar jarrabawar gwaji sau ɗaya a mako, tambaya 180, awa biyu, da agogo a gaba, kuma a kwamfuta in da hali.

Kwamfutar nan ba ƙaramin abu ba ce ga yaron da bai taɓa zama gabanta ba sai ranar. Daƙiƙa 40 kowace tambaya ta samu, wanda ya ɓata minti goma yana kokawa da linzami ya yar da tambaya goma sha biyar. Alhali ba ya buƙatar linzamin: A, B, C, D na zaɓi ne, N ta kai shi gaba, P ta dawo da shi baya, S ta miƙa aiki, wadda bai kamata yatsa ya kusance ta ba sai an gama. A sa shi jarrabawar gwaji ta JAMB tun wajen rijista, kuɗinta bai kai asarar da take karewa ba. A ɗakin ya fara da darasin da ya fi iyawa, tambayar da ta ƙi ya wuce ta ya dawo, kuma kada ya bar ko ɗaya ba amsa tunda kuskure ba ya rage komai.

Saura gida. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ya ga 150 ya riga ya hukunta kansa kafin kowa ya buɗe baki. Gorin "ga ɗan wane can ya ci 270", da karanta makinsa gaban baƙi, da ƙin amsa gaisuwarsa, ba su taɓa ƙara wa kowa tambaya ɗaya ba. A bar shi kwana biyu ko uku, sannan a zauna da takardar da wani malami da ya san harkar, a fito da shawara mai rana da wata: ranar kaza za a ɗora sakamako, ranar kaza za a canja kwas. Samun abin yi gobe da safe shi ya fi rage ƙunci. A tuna masa ƙaddara, gaskiya ce, amma kada a tsaya nan kamar an yi ta'aziyya. Ga 'yan mata kuma muna roƙo na musamman. A gidaje da yawa namiji in ya faɗi ana sake saya masa fom, mace in ta faɗi sai a ce dama can karatun bai karɓe ta ba. Maki ɗaya ne, a ba su dama ɗaya, ko da maganar aure ta taso a sa ci gaban karatun cikin abin da za a tattauna.

Akwai alamun da ba na jira ba ne. Yaron da ya shafe mako biyu ba ya cin abinci, ba ya barci ko ba ya tashi daga kwance, ya daina wanka da fita masallaci, ko yana cewa gara ya mutu kowa ya huta, kada a ce shagwaɓa ce ko a tsaya kan rubutu da hayaƙi kawai. A ɗauke maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyi daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a tambaye shi kai-tsaye abin da ke ransa, a kai shi likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma babban asibitin da ya fi kusa ma zai iya fara dubawa ya tura. A kuma sa ido kan sabbin abokai, don a irin wannan shekarar zaman ne ake koya wa yara ƙwaya.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne kada alaƙa ta yanke ranar da aka rubuta takardar ƙarshe. A ware rana guda cikin mako biyu da fitowar sakamakon WAEC, a kira tsofaffin 'yan SS3 da iyayensu, kowa ya zo da takardunsa, malamai su duba suna da haɗin darussa da zaɓin makaranta ɗaya bayan ɗaya. Jihohin da ke yin jarrabawar kwalifayin a SS2 don biya wa ɗalibai NECO su haɗa da duba NIN a lokacin, tun da sauran shekara guda ta gyara. Kai kuma Malam Edita, da za ka riƙa buga ranakun buɗewa da rufewar fom ɗin JAMB, da na WAEC da NECO na masu zaman kansu, da na tantancewar jami'o'in Arewa, da Hausa, a ɗan akwati a shafi na biyu, da iyayen da ba sa leƙa shafukan hukumomin nan a intanet sun san ranar da za su tanadi kuɗin fom.

Wassalam.

Daga wasu malaman sakandare,
Kano.